Taya ɗaya ga titi, otokuros da filin tsere? Ku zo mu faɗa wa juna gaskiya 🧵

1/ Tambayar da aka fi turo min ke nan: "Oga, mota ɗaya gare ni. Da ita nake zuwa aiki, da ita nake son shiga otokuros, wani lokacin in leƙa filin tsere. Wace taya ce za ta yi min duka ukun?" Gajeriyar amsa: babu ita. Doguwar amsa kuwa, ku gyara zama.

2/ Ga waɗanda ba su san ni ba, a Amurka nake zaune, motata Subaru BRZ ce tsohon yayi. Ita ce ta cefane, ita ce ta wasa. Don haka yawancin maganar ta nan ce. Amma 'yan gida kar ku gudu, can gaba zaren zai biyo ta kanku, musamman masu sayen gwanjo.

3/ Otokuros dai tukuna, don na san wasu yau suka fara jin sunan. Babban fili ake samu, wajen ajiye motoci ko tsohon filin jirgi, a jera robobin nan masu tsini ruwan lemo da ake sawa a titi in ana gyara, a fitar da hanya mai kwana-kwana. Mota ɗaya-ɗaya ake saki. Da agogo kake tsere.

4/ Shiga ɗaya wajen minti ɗaya ne. Yawanci a giya ta biyu za ka gama, gudun da wuya ya wuce na babbar hanya. Ka ture roba ɗaya, a ƙara maka daƙiƙa 2. Ka fito, ka yi jira a layi, ka sake shiga. Duk yinin in ka haɗa tuƙin da ka yi, bai fi 'yan mintuna ba.

5/ Filin tsere kuma wani abu ne daban. Titi ne da aka gina don gudu kawai. A sake ku wajen minti 20 kuna zagaye, ku huta, ku koma, sau huɗu ko biyar a yini. Kowane zagaye sai ka taka birki da ƙarfi daga babban gudu sau da yawa, ka kwanta a doguwar kwana.

6/ Titi kuwa kun san shi. Ruwan sama, rami, cunkoso, sanyin asuba.

7/ To ga ra'ayina, kuma a kansa duk zaren nan ya tsaya: abin da ke raba tayoyin nan ZAFI ne. Kafin ka tambayi sunan kamfani, tambayi kanka a wane zafi tayar za ta yi aiki, kuma na tsawon wane lokaci.

8/ Kowace roba tana da zafin da take kama ƙasa da kyau. In ba ta kai shi ba, tauri gare ta, tana zamewa. In ta wuce shi, ta yi laushi fiye da kima, motar ta fara yawo kamar an barbaɗa garin kuɓewa an yayyafa ruwa. Tsakanin nan biyu ne ake cin riba.

9/ A otokuros da taya mai sanyi kake fita, minti ɗaya gare ka. Tayar da sai ta yi zagaye biyu kafin ta farka ba ta da amfani a nan, kafin ta farka ka gama. Kana son wadda ta kama tun kwanar farko.

10/ A filin tsere matsalar ta juye. Wannan tayar mai saurin ɗaukar zafi, in ka matsa mata, za ta ba ka zagaye biyu ko uku masu daɗin gaske, daga nan ta fara santsi. Sauran mintunan kana fama da ita, tana zubar da roba, kuɗinka na bin iska. A nan mai jurewa kake nema, ko da ba ita ce ta fi kowa kamu a zagayen farko ba.

11/ In kana ganin surutu ne, duba Hoosier, kamfanin tayoyin tsere. Suna da A7, suna da R7. Ka ajiye su gefe da gefe da ƙyar ka bambance. A7 ta otokuros ce, R7 ta filin tsere. Haɗin robar ne ya bambanta. Mutanen da ba su da sana'a sai tayar tsere ma ba su haɗa ayyukan biyu a taya ɗaya ba.

12/ Taura biyu ba ta taunuwa, mu kuma uku muke son cusawa a baki ɗaya 😅

13/ Yanzu mu zo kan lambar da ta haukata kowa: 200. Duk yaron da ya fara shiga harkar nan zai ce maka "ni 200 zan saya", kamar wani maki ne na kamun ƙasa. Ba shi ba ne. Lamba ce ta kiyasin yadda taya ke cinyewa, kuma a Amurka aka ƙirƙiro ta, cikin tsarin da ake kira UTQG.

14/ Yadda ake yi: a sa tayar a mota, a yi jerin gwano a titunan yammacin Texas, wajen garin San Angelo, mil 7,200, wato sama da kilomita 11,000. A gwada cinyewarta da ta wata taya da aka ajiye a matsayin ma'auni. A takarda, mai 200 za ta ninka mai 100 daɗewa, mai 400 ta ninka mai 200.

15/ Inda gizo ke saƙa: kamfanin da ya yi tayar shi ke da alhakin gwajin, shi ke buga lambar. Doka ta hana shi ƙara wa tayarsa maki sama da abin da ta ci, amma ba ta hana shi ragewa ba. Shi ya sa 200 ɗin wannan kamfani da 200 ɗin wancan ba lallai su zama abu ɗaya ba.

16/ To me ya sa kowa ya taru a 200? Doka ce ta wasa. SCCA, ƙungiyar da ta fi kowa shirya otokuros a Amurka, tun 2015 ta ce a rukuninta na motocin titi sai taya mai 200 ko sama. A shekarar ne kuma Bridgestone ta fito da RE-71R, sauran kamfanoni suka biyo, kowa na neman tayar da ta fi kamu wadda har yanzu za a iya buga mata 200.

17/ Sakamakon: a yau "200" sunan rukuni ne kawai, kamar a ce ajin masu nauyi kaza a dambe. A cikin ajin akwai mai doke ka a turmin farko ya gaji, akwai mai kai ka turmi na uku.

18/ Masu zafin farko, waɗanda ake cin kofi da su a otokuros: Bridgestone Potenza RE-71RS, Yokohama Advan A052, Falken Azenis RT660, Nankang CR-S. Ka je gasar ƙasa da ake yi duk Satumba a Lincoln, jihar Nebraska, inda direbobi sama da 1,000 ke haɗuwa, irin waɗannan za ka gani birjik a rukunin titi.

19/ Ko su ɗin ma halinsu ba ɗaya ba. A052 ta fi saurin kamawa da saurin ɗaukar zafi, gefenta da laushi. RT660 gefenta da tauri, sitiyari na amsawa nan take. Abin da ya yi wa Mazda MX-5 mara nauyi daɗi ba lallai ya yi wa Mustang ba, don nauyi ma zafi yake haifarwa.

20/ Masu jurewa: Hankook Ventus RS4, Continental ExtremeContact Force. Su ne za ka gani a tseren juriya na masu ƙaramin ƙarfi, inda mota ke awanni tana zagaye. A otokuros za su ba ka haushi da safe, sai sun ɗumama. A filin tsere kuwa zagaye na goma kamar na uku.

21/ Duka 200 aka buga musu fa. Ka ga lambar ba ta gaya maka komai a kan abin da ya fi muhimmanci ba.

22/ Akwai aji na uku da yara ke rainawa, wai na dattawa ne: tayoyin bazara masu wajen 300. Michelin Pilot Sport 4S (300), Continental ExtremeContact Sport 02 (340), da Firestone Firehawk Indy 500 (340) ga mai lallaɓa aljihu. Kuma nan ne zan ɓata wa wasu rai.

23/ In shekararka ta farko ce ko ta biyu, kuma saiti ɗaya za ka iya saya, daga ajin nan za ka zaɓa. Wallahi ba don rowa nake faɗa ba. Dalilai ne, ku saurara kafin ku hau ni da zagi.

24/ Lissafa kilomitocinka na shekara da gaskiya. Otokuros goma a shekara, kowanne 'yan mintuna. Filin tsere sau biyu ko uku in aljihu ya yarda. Sauran duka titi ne. Ka sayi taya don abin da bai kai kashi biyu cikin ɗari na tafiyarka ba, sauran ranakun kana cinye ta a hanyar ofis? Haba.

25/ Kuma ba zane kaɗai ke ƙarewa ba. Duk lokacin da roba ta yi zafi ta huce, tana ƙara tauri kaɗan. Mai laushin nan da ka biya kuɗi mai yawa dominta, in kana yawo da ita kullum, za ta iya rasa kaifinta alhali zanen na nan. Ido ya ga sabuwa, agogo ya ce tsohuwa.

26/ Sai ruwa. Tayoyin 200 da zane mara zurfi suke zuwa, yawanci wajen milimita 6, na titi kuwa sukan fara daga wajen 8. Ramukan zanen nan su ne magudanar ruwa. In titi ya jiƙe kawai, wasu 200 ɗin na kamawa da kyau. In ruwa ya kwanta, kuma zane ya yi rabi, motar hawa kan ruwan take yi, sitiyari ya zama abin ado.

27/ Doka a wurare da dama ta ce milimita 1.6 ne ƙarshen zane. Wannan iyakar kama ka ce, ba iyakar lafiya ba. A ruwan sama tun kafin nan taya ta fara yaudara.

28/ Ga ƙugi, ga tsakuwa da take kwasa tana watsa wa jikin mota kamar ana jifan ka, ga buga rami har cikin ƙugu. Wanda ya taɓa ɗauko baƙo daga filin jirgi da irin tayar nan ya san kallon da ake yi masa.

29/ Amma babban dalilina ba aljihu ba ne, koyo ne. Taya mai 300 tana magana. Kafin ta saki za ta yi ƙara, ta zame a hankali, ta ba ka dama ka gyara. Kunnenka da ƙugunka su koyi inda iyaka take, a gudun da ko ka kuskure robobi kawai za ka ture.

30/ Mai kamu sosai kuwa rufa maka asiri take yi. Ka shiga kwana da gudun da bai dace ba, ta riƙe. Ka finciki sitiyari, ta riƙe. Ka ɗauka ka iya. Ranar da za ta saki, a gudu mafi yawa za ta saki, hannunka kuma bai taɓa koyon tarowa ba. A otokuros abin dariya ne. A filin tsere akwai katanga.

31/ Motata ma shaida ce. Lokacin da Toyota 86 da Subaru BRZ suka fito a 2012, Michelin Primacy HP aka sa musu, 215/45R17, irin tayar da ake sa wa wasu Prius. Mutane suka yi ta tsiya. Da gangan injiniyoyin suka yi, ƙarƙashin Tetsuya Tada: suna son motar ta motsa a hannun direba ba sai ya kai gudun hauka ba.

32/ Ba cewa na yi ka zauna a kan Primacy har abada ba. Cewa na yi waɗanda suka ƙera motar koyon tuƙi sun san kamu da yawa ba shi ne malami ba.

33/ A abin da na gani da idona, tsakanin taya mai 300 mai kyau da 200 ta cin kofi, a hanyar minti ɗaya, daƙiƙa ɗaya ce zuwa biyu. Na kuma sha ganin gogaggen direba ya karɓi motar sabon shiga, tayar nan dai, iskar nan dai, ya zabge daƙiƙa huɗu ko biyar. To ina daƙiƙun suke ɓoye, a taya ko a kujera?

34/ Na san abin da za a ce min: "Ai 4S tana yin zafi a filin tsere." Gaskiya ne, ban musa ba. In ka matsa mata zagaye bayan zagaye, musamman mota mai nauyi a rana mai zafi, za ta yi santsi, bakinta na waje ya fara gutsurewa.

35/ Maganinsa a farko: zagaye uku da ƙarfi, ɗaya a sassauta ta sha iska. Birkinka ma zai gode. Kuma a duba da kyau, sau da yawa sabon direba ne ke dafa tayar gaba da kansa, ya shiga kwana da gudu, motar ta ƙi juyawa, ya ƙara murɗa sitiyari yana gurzar ta. Ko wace taya ka ba shi haka zai yi mata.

36/ Ranar da tuƙinka ya yi tsabta, lokutanka suka daidaita, kuma har yanzu tayar na gajiya kafin kai, to ka girme ta. A nan ne za ka hau sama. Kuma hawan ba sauya taya ba ne, ƙaro rim huɗu ne.

37/ Eh, saiti na biyu. Na san ana jin kamar almubazzaranci. Yi lissafi. A girman motata saitin 200 mai kyau yana cin wajen dala 800 zuwa 1,000. In ka bar shi a mota kullum, ba lallai ya ga ƙarshen shekara da kaifinsa ba. Rim kuwa sau ɗaya ake saya, ko na hannu ne in ba su lanƙwashe ba, su yi maka shekaru.

38/ Ka sauya da daddare kafin ranar wasa, ko ka loda su a baya ka sauya a fili. BRZ in ka kwantar da kujerar baya tana ɗaukar taya huɗu, da jak. Aikin minti 20 ne in hannu ya saba. Ka ɗaure goro da ma'aunin ɗauri, ba da tsalle a kan sifana ba, don Allah.

39/ Saiti na biyun wanne? Inda zuciyarka take. In kofin otokuros kake nema, RE-71RS ko 'yan uwanta, babu kwana-kwana, da 300 ba za ka doke wanda ya iya kuma yake kan 200 ba. In filin tsere ya fi ja maka rai, RS4 ko Force, ka haƙura da zama na tsakiya a otokuros.

40/ Wanda kuma ya nace saiti ɗaya, ya riga ya ƙware, garinsu ba ruwa sosai, tafiyar aikinsa gajera: ɗauki mai jurewa. Ita ce ta fi kusa da yin duka ukun ba tare da ta kunyata ka ƙwarai a ko ɗaya ba. Amma ka san kana biyan haraji a kowane ɓangare.

41/ Tayar da ake ce wa ta kowane yanayi fa? Ga otokuros na farko, zo da ita, kar rashin taya ya hana ka zuwa. Filin tsere da ƙarfi kuwa a'a, ƙananan yankan zanenta yagewa suke in sun yi zafi.

42/ Masu zama inda ake ƙanƙara: duk tayoyin da na lissafa na bazara ne. Daga wajen digiri 7 zuwa ƙasa kamunsu na raguwa, in sanyi ya kai na daskarewa sosai robar wasu har tsagewa take. Na hunturu daban ne, wato wasunmu saiti uku ma muke da shi. Allah ya rufa asiri.

43/ Abu biyu da ke kashe taya mai tsada fiye da zaɓen da bai dace ba: kamba da iska.

44/ Kamba ita ce ɗan karkacewar da taya ke yi, samanta ya shiga ciki. A kwana mota na kwanciya, tayar waje ta hau bakinta. In babu kamba, bakin waje kaɗai ke aiki, ya suɗe har waya ta fito, ciki kuwa sabo fil. Motoci da yawa daga kamfani kusan a miƙe suke zuwa a gaba.

45/ Masu zuwa filin tsere da gaske sukan sa wajen digiri 2.5 zuwa 3 a gaba. Ka sa A052 a motar da ba kamba, ka je ka yi yini, ka dawo ka ba mu labari. Kuɗin alaimen da 'yan ƙarafan gyara kamba bai kai na taya biyu ba. Sai dai duba dokar rukuninka tukuna, a rukunin titi na SCCA an taƙaita abin da za ka taɓa, har faɗin rim sai ya zama irin na kamfani.

46/ Iska kuma tana hawa da zafi. Lambar da ke jikin ƙofar direba ta taya mai sanyi ce, a BRZ 35. Ka shiga filin tsere da 35, bayan 'yan zagaye ka auna, kar ka yi mamaki in ka ga 41 ko 42. Tsakiyar taya ta kumburo, kamu ya ragu, kai kuma ka ce tayar ce ba ta da kyau.

47/ Sayi geji naka na kanka. Kana fitowa ka auna da zafinta, ka rage, ka rubuta. Shafa alli a bakin taya ka ga iya inda take kwanciya. In za ka koma gida ka mayar da iskar, don in ta huce za ta faɗi ƙasa da ta titi. A otokuros za ka ga mutane da abin feshin gona suna fesa wa taya ruwa tsakanin shiga da shiga. Ba hauka ba ne, zafin nan dai ake lallashi.

48/ Faɗi: ba kullum babba ta fi ba. Ka cusa 245 a rim mai inci 7, gefenta ya yi tumbi, sitiyari ya yi nauyin baki. Sau da yawa 225 da ta zauna daram ta fi ta. A mota mara ƙarfi da nauyi kuma, taya mai faɗi da yawa ba ta ma samun zafin da take so.

49/ Kar a manta, ƙarin kamu ƙarin wahala ne ga birki. Kafin ka kai kowace mota filin tsere, sabon man birki mai jure zafi da birki-fad da ya dace. Taya mai kyau da birkin da ya tafasa, ban ga amfanin ba.

50/ Yanzu 'yan gida. Na san da yawanku ba otokuros a kusa, amma sunayen nan suna iso ku ta kasuwar gwanjo. Mai shago ya nuna maka taya mai zane kaɗan, jiki duk manyan rubutu, ya ce "ta tsere ce, Alhaji". Kai kuma ka ga za ta yi kyau a hoto.

51/ Tambayi kanka me ya sa mai ita ya rabu da ita da sauran zane. Mu nan in taya ta daina ba da lokaci ake cire ta, wato ta sha zafi ta huce har ta taurare. Abin da ya sa take da tsada ya riga ya tafi. Saura zane mara zurfi da za ka shiga damina da shi.

52/ Kuma titin da ke da rami ba ya son taya mai siririn gefe. Lambar tsakiyar nan, 45 ko 40 ko 35, tsayin gefe ne a kan faɗi, kashi cikin ɗari. In ta yi ƙasa, babu abin da ke tsakanin rim da bakin rami. Kumburi a gefe, rim ya lanƙwashe. Kumburin gefe kuwa ba ya facuwa, zaren ciki ne ya tsinke, duk abin da mai faci zai ce maka.

53/ Abin da ya fi muku amfani a jikin taya ba 200 ba ne. Harafin gudu ne da na zafi. H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Lambar da ke gabansa ta kaya ce, misali 91 kilo 615 kowace taya. Makin zafi kuma A, B ko C. Mai bin doguwar hanya a watan Afrilu, rana na digiri 40, mota cike da mutane, A zai nema.

54/ Masu wasan mota a biki kuma, in dai juyi da hayaƙi ne, taya mai kamu ma ba ita kuke buƙata a baya ba, wahalar da kulochi da aksul kawai za ta yi. Abin da kuke buƙata fili ne da aka killace, ba titin da yara ke tsallakawa ba. Wannan zare ne na wata rana.

55/ In dai sai ka sayi ta hannu, a can ko a nan, nemi inda aka rubuta DOT a gefe, ka karanta lambobi huɗun ƙarshe. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Michelin da kanta ta ce daga shekara 5 a riƙa duba taya duk shekara, a 10 a cire ko zane na nan. Wannan ta titi ke nan. Ta wasa ba ta kai ko kusa.

56/ Sannan ka danna farce a kan zanen. Mai sauran rai za ta ɗan lotsa ta dawo. In ka ji kamar kana danna bokitin roba, ko ka ga ƙananan tsaga a cikin ramukan zanen, ajiye masa kayarsa. A duba duka huɗun fa, ɗaya bayan ɗaya, don wadda aka ɗora a sama ita ce mai kyan.